Ranar da Na Ce Injin Ba Nawa Ba Ne

Ko zan shekara ɗari a duniya, ba zan manta da ranar da na ɗaga guduma na farfasa abin da ni da abokina muka shafe wata takwas muna haɗawa ba. Allah ya sani na yi ƙoƙarin mantawa. Na canza shago, na canza unguwa, amma duk inda na je abin yana biye da ni.

A lokacin ina gyaran rediyo da kaset a wani ɗan shago kusa da kasuwa a Lafiya, 'yan shekaru bayan an ba mu jiha. Abokin nawa malamin sakandare ne, zanen gini da na injina yake koyarwa, kowa Ticha yake ce masa. Iyayensa manoman doya ne a wani ƙauye can bayan Obi. Shi Kirista, ni Musulmi, kuma ba mu taɓa zama mun tattauna wannan ba, don ba mu ga abin tattaunawa a ciki ba. Kullum in an tashi makaranta sai ya biyo shagona, ya zauna a kan benci yana wasa da tarkacen rediyo har la'asar.

Wata rana ya shigo da wasu shafukan mujallar Turawa da ya tsinta a cikin dilar gwanjo. Ya baza mini su a kan tebur. Hoton wasu ƙarti ne, har da masu gemu, sun kewaye wani babban tebur da aka yi wa duwatsu da kogi, ga ƙananan sojoji kamar babban yatsa jere a kai. A tsakiyarsu ga wani jibgegen inji mai ƙafa biyu kamar mutum, bindigogi ne a madadin hannuwansa.

"Oga, ka gani?" in ji shi. "Manya ne fa, ba yara ba. Wasa ne kamar dara, amma da soja. Wannan babban, mu za mu yi shi da hannunmu."

Na yi dariya na ce ya rasa aikin yi. Amma kafin sati ya zagayo, ni ne na ciro wani tsohon ƙyaure na ɗora a kan benci biyu a ɗakin bayan shagona. Ticha ya kwaɓa dusar katako da sitaci ya gina duwatsu biyu, ya ja kogi da shuɗin fenti, ya ɗora masa gada ta tsinken tsintsiya. Ya ce haka gefen ƙauyensu yake, shi ya sa hannunsa ya tafi can. Sojojin da yumɓu muka yi su, rabi ja rabi kore. Dokokin wasan kuwa shi ya ƙirƙiro abinsa, ya rubuta a littafin makaranta: a jefa ƙwayar ludo, a auna tafiyar soja da tef. Wajen aron tef ɗin ne maƙwabcina, wani dattijon tela da muke kira Baba tela, ya leƙo ya ga abin da muke yi. Ya yi salati ya ce mun haukace. Ranar Lahadi ta gaba shi ne mai korayen sojoji, kuma ya cinye mu.

Babban injin ne ya ba mu wuya. Dodo muka sa masa suna. Gangar jikinsa gwangwanin madarar gari ce, muka lulluɓe ta da fallayen gwangwanin kifi da Ticha ya yanka ya daddaɓe su kamar sulke. Ƙafafun daga ƙarafan tsohuwar laima, gwiwoyin daga ƙananan ƙafafun da ke juya kaset. Bindigogin bututun biro ne da sirinji. Kowane kan ƙusa da ke jikin sulken, ɗigon gam ne da Ticha ya ɗiga da tsinke ɗaya bayan ɗaya, ya kan yi awa biyu bai ɗago kai ba. Ban taɓa ganin hannu mai natsuwa irin nasa ba. Layi yake ja ba rula, ka auna ka tarar a miƙe.

Matsalar ita ce Dodo ya ƙi tsayuwa. Tsayinsa ya wuce gwiwata, kansa ya yi nauyi, da mun sake shi sai ya kifa. Sau huɗu muna warware ƙafafun muna sake ɗaurawa. Ranar da ya faɗi na huɗun har bindiga ɗaya ta karye, Ticha ya zauna a ƙasa ya riƙe kai. "Wannan ƙafa, shi ba ya so ya ji magana," in ji shi. Daga baya ni na narka dalma daga tsohon batirin mota na zuba a tafin ƙafafun. Muka sake shi a hankali, muka ja da baya, ya tsaya ƙyam. Baba tela ya yi kabbara, Ticha ya rungume ni har ya ɗaga ni sama. Muka shafa masa jar ƙasa don ya yi kamar ya sha yaƙi, muka sa ranar Lahadi mai zuwa za a fara buga wasa da shi.

A nan ya kamata in faɗi laifina na farko, wanda a lokacin ban ɗauke shi laifi ba. Ina da surutu. Duk wata takwas ɗin nan, in na zauna wurin mai shayi sai in ce, "Ni da Ticha injin yaƙi muke haɗawa, ranar da ya tashi sai ya taka Lafiya kaf." A yi ta dariya. Har aka daina ce masa Ticha a layinmu, aka koma ce masa Janar. Shi ma ya kan sara musu kamar soja in ya zo wucewa.

Lahadin ba ta zo mana ba. A tsakiyar satin rikici ya ɓarke a ƙauyuka, aka ce a kan gona ne, aka ce a kan kisan wani ne, kowa da abin da yake faɗa. Mutane suka riƙa kwararowa cikin gari a kan tarakta da a ƙafa, da tabarmi a ka, wasu da raunuka. Aka rufe makarantu. Waɗanda jiya kuke cin tuwo tare, yau in kun haɗu sai kowa ya dubi ƙasa. Mutanen su Ticha suka fara barin gari. Ya riga ya tura matarsa wurin danginta a ƙetaren Binuwai, shi ma ya sami mota da za ta tashi bayan azahar.

Da hantsi ya zo yi mini sallama, da 'yar jakarsa a kafaɗa. Ya ce yana so ya ga Dodo kafin ya tafi. Muka shiga ɗakin baya, ya gyara masa bindiga ɗaya da ta ɗan karkace. "Ka ajiye shi da kyau, Oga," ya ce. "In gari ya huce, za mu buga."

Muna cikin haka muka ji hayaniya a ƙofar shago. Samari ne, sun kai ashirin, da gorori da ƙarafa. Na san da yawansu, wasu ma ni nake gyara musu rediyo. Na gabansu, wanda aka kashe wa yayansa a ƙauye kwana biyu kafin nan, idanunsa jawur, ya ce, "Ina injin da kuke haɗawa?"

Sai suka ture ni suka shige. Suka yi cirko-cirko a kan teburin. Ni da na san komai, da na dubi teburin da idonsu sai na ga abin da suke gani. Ga kogi, ga gada, ga jajayen sojoji a wannan gefe, koraye a wancan. Wani ya ɗauki littafin dokokin ya buɗe, ya ga kibiyoyi da lambobi. Wani ya nuna gadar ya ce, "Wallahi gadar hanyar Doma ce! Taswira ce, nan suke shirya yadda za su shigo mana!" Ba gadar Doma ba ce, tsinken tsintsiya ne. Amma ranar ba mai neman gaskiya.

Ticha ya ɗaga hannu biyu. "Abeg, 'yan'uwa, wasa ne. Gwangwani ne, ku taɓa ku ji. Ku tambayi Oga, tare muka yi."

Na gabansu ya juyo ya dube ni. "Na waye? A shagonka muka same shi."

Na sha ba kaina uzuri a kan abin da ya biyo baya. Na ce ina da mata da jariri, na ce shagon nan shi ne abincina, na ce ko wane ne haka zai yi. Amma ba abin da ya tilasta harshena. Ji na yi kawai ina cewa, "Ba nawa ba ne. Nasa ne. Ajiya ya kawo mini, ni ban ma san mene ne ba."

Ticha ya dube ni. Bai yi ihu ba, bai ƙaryata ni ba. "Oga," kawai ya ce, a hankali, kamar mai tashin wani daga barci.

Ba wanda ya ce in ɗauki guduma. Ni na ɗauko ta don su ga ba na tare da shi. Na kai wa Dodo duka a ka, gwangwanin ya lotse, sulken ya tarwatse, na ci gaba da duka har ya zama tarkace. Ina cikin dukan suka ja Ticha waje.

Da na fito ƙofa yana ƙasa, ya kare kansa da hannun dama, suna sauke masa gora da ƙarfe a kan hannun. Sai ga Baba tela ya fito a guje, tef a wuya, tsoho mai kusan saba'in, ya ratsa su ya kwanta a kan Ticha. "Ku fara da ni!" yake cewa. "Ni ma ina wasan! Korayen sojojin nawa ne! Wasa ne, 'ya'yan nan, ku ji tsoron Allah, wasa ne!" Shi ne ladanin masallacin layinmu, ba wanda ya iya ɗaga masa hannu. Suka tsaya suna huci, can aka jiyo jiniyar motar 'yan sanda, suka watse. Ni ina tsaye a bakin ƙofa da guduma a hannu, ban taka ko ɗaya ba.

Baba tela ne ya sa shi a baro, ya sami mai taya shi turawa har asibiti. Ban bi su ba. Washegari ma ban je ba, kunya ta hana ni, kuma kowace rana da ta wuce sai zuwan ya ƙara yi mini nauyi. Bayan sati biyu na ji danginsa sun zo sun tafi da shi. Na je gaban Baba tela na durƙusa ina son in yi bayani, bai ma tsayar da keken ɗinkinsa ba. "Ni ba zan ce maka komai ba," in ji shi. "Kai za ka riƙa faɗa wa kanka." Har Allah ya yi masa rasuwa, gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Shekara bakwai ban ji ɗuriyar Ticha ba. Rannan na je kasuwar Agyaragu sayen doya, ƙanwar matata ta haihu za a yi suna. Ina bin layin masu doya sai na gan shi zaune a kan buhu, ya rame, furfura ta fito masa. Hannunsa na dama na kan cinyarsa, yatsun sun ƙanƙance sun lanƙwashe ciki. Ko alli ba zai iya riƙewa ba.

Ya gane ni tun daga nesa. "Oga, doya kake so?"

Na tsuguna a gabansa, mutane na kallo. Na ce, "Ticha, ka yafe mini."

"Ba wanda yake kira ni Ticha yanzu," ya ce. Ya mayar da idonsa kan doyarsa. "Na yafe. Tun a asibiti na yafe, ka cire wannan a ranka. Da ka ce namu ne, wataƙila su duke mu biyu, wataƙila su kashe mu. Ban sani ba. Ni dai ranar nan na duba inda kake tsaye, ban gan ka ba."

Ina nan tsugune. Shi kuwa ya shiga zaɓar mini doya da hannun hagu, yana juya kowace ɗaya yana dubawa kar ya ba ni mai ruɓa. Na ce zan riƙa zuwa, na ce ya gaya mini inda yake zaune. Ya girgiza kai. "Ka gaida gida," ya ce, ya juya wurin wata mata da ta zo taya doya. Na koma kasuwar sau uku bayan nan, ban sake samunsa ba.

Yau ina da shago babba, ina da yara sun girma, mutane suna ce mini mutumin kirki, ni kuwa na san ranar da aka auna ni. Abin da na koya shi ne, abota ta shekara da shekaru a cikin minti ɗaya ake jarraba ta, kuma ba a sanar da kai ranar. In ba ka riga ka yanke wa kanka inda za ka tsaya ba tun gari yana lafiya, tsoro ne zai yanke maka. Na kuma koyi cewa ana iya yafe maka da zuciya ɗaya, amma yafiya ba ta miƙe yatsun da suka lanƙwashe. Wanda ka zalunta zai sauke nasa kayan ya yi gaba, naka kuwa kai za ka ɗauka har kabari.