Gamsheƙa a Gaban Allo

Jiya na ji jikata tana fama da lissafin ɗebewa, sai na tuna marigayi malaminmu na aji uku a Doguwa, dattijo mai sanyin murya. Idan lambar sama ta gaza, yakan ce, "A shiga maƙwabta a aro goma."

Wata rana muna karatu a gindin mangwaro, ina gaban allo zan cire 157 daga 432, sai na ji wani abu mai sanyi yana bin ƙafata. Na saci kallon ƙasa, ashe gamsheƙa ce.

"Kada ki motsa, 'yata," in ji Malam. "Ni za ki kalla. Bakwai za ta fita a biyu?"

"A'a, Malam."

"To, yaya za a yi?"

"A aro goma."

"Ukun nan ta koma nawa?"

Alli ya jiƙe a hannuna, amma na yi ta ba shi amsa har macijin ya sulale cikin ciyawa. Sai a lokacin Malam ya zube kan benci.

Allah ya jiƙansa, ya amintar da shi ranar babban firgici.