Kwamfutar da Ta Sha Turaren Wuta

Ranakun aiki da yawa sun wuce ban riƙe komai a cikinsu ba, amma ranar da na buɗe laftof a tsakiyar titi, bindigogi na kallona, ita kam ban taɓa mantawa da ita ba. Malam Sabi'u, mai shagonmu, shi ya ce in rubuta muku, ku da kuka zo koyon gyara, tunda duk sanda na fara ba da labarin da baki sai in kasa kai shi ƙarshe.

Lokacin ban daɗe da gama sakandare ba. Buga takardu aka ɗauke ni yi a shagon nan na Shahuci, sai Malam ya lura kullum idona na kan teburinsa, ya fara koya mini gyara. Shekarun tashin bama-bamai ne. Duk inda ka bi a Kano shinge ne da buhunan yashi. Mai babur ya sauka ya tura, mai tafiya a ƙasa ya ɗaga hannu, mai jaka ya buɗe. In laftof ce a jakar, ƙa'ida ita ce ka kunna ta a gabansu ta kawo haske, su tabbatar ba wani abu aka cusa a cikinta ba.

Mu ma muna da tamu ƙa'idar a shago, kun riga kun ji ta. Ba a buɗe kwamfutar mutum a ɓoye, kuma ba a taɓa komai sai an faɗa da baki: zan cire batir, zan kwance wannan noti. Malam ya kafa ta ne saboda masu zargin an musanya musu kaya. Da can haushi take ba ni, sai in ji kamar aku.

Ranar wata Laraba ce, bayan la'asar. Malam ya tafi ƙauye ta'aziyya, ni kaɗai ce a shago. Sai ga Hajiya Yagana, mai sayar da turaren wuta a bayan layinmu, ta faɗo ciki, takalminta ɗaya a hannu. Barebari ne, amma kakanninsu ma a nan birni aka binne su. Ɗanta Malam Bukar yana koyarwa a wata firamare, mu ke buga masa tambayoyin jarrabawa. Satin da ya wuce ya gaya mana laftof ɗinsa ta yi nauyi, tana zafi kamar kasko, tana mutuwa da kanta, Malam ya ce ya kawo ta.

Ta ce, "Ina Sabi'u? Sun riƙe mini Bukar a Ƙofar Nassarawa!"

Da ƙyar na tsinci labarin, daga shingen take, an kira ta ta je ta gani. Daga makaranta yake, zai kawo mana laftof ɗin. A shinge aka ce ya kunna. Ya danna, allo bai kawo ba, sai ta fara ƙara, ƙii, ƙii, ta yi shiru ta sake. Jama'a suka watse, sojoji suka kwantar da shi rub da ciki. Ya rantse wurin mai gyara za shi. Babbansu ya ce in gaskiya ne mai gyaran ya zo ya taɓa ta da hannunsa, in ba haka ba motar da ke zagaya shingaye kafin magariba za ta tafi da shi bariki. Kowa a garin nan ya san shiga can ba wuya, fitowar ce aiki, balle mutum mai tsagen Barebari a fuska a irin wannan lokaci.

Na kira Malam, waya ba ta shiga. Hajiya ta kama hannuna ta ce, "'Yata, ba ke nake gani da sukundireba ba?"

Ba zan yi muku ƙarya ba, zuciyata cewa ta yi in rufe shago in gudu gida. Har tunani ya zo mini, in fa ba laftof ɗin ba ce zalla? Na san Malam Bukar, amma a shekarun nan wa ya san wa? Sai na ce ta sake kwatanta mini ƙarar. Ta kwatanta. Na san kukan nan, kukan ram ne. Ram wani ɗan siririn allo ne a cikin kwamfuta, in bai zauna daidai ba ko bakinsa ya yi datti, ba za ta tashi ba, sai dai ta yi ta wannan kuka. Na ɗauki sukundireba, burushi, kilinar goge fensir da 'yar kwalbar sifirit, na zuba su a farar leda yadda kowa zai ga abin da ke ciki.

Da muka isa, an tsayar da motoci daga nesa. Laftof ɗin tana kan kwalta ita kaɗai, fili ya kewaye ta. Malam Bukar na kwance can gefe, kofur na tsaye a kansa. Kofur mai igiya biyu ne a hannun riga, saje mai uku, shi ne babba a shingen. Sajen dogo ne siriri, idonsa ya yi ja. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Ke ce injiniyar?"

Na ce, "Ni ce yarinyar shagon, Yallaɓai."

"In ta tashi, ya tafi. In wani abu ya tashi, ke ce kusa. Kin ji?"

Na ce na ji. Na taka zuwa wurin laftof ɗin. Na durƙusa a gabanta, na miƙa hannu, sai na ji ƙarar bindiga ana gyara ta a bayana. Nan take bakina ya buɗe da kansa, yadda ya saba a shago.

"Yallaɓai, zan kifa ta."

Saje ya ce, "Kifa."

"Zan cire batir. Ga shi, na ajiye a dama. Zan kwance notin murfin ƙasa."

Haka muka yi ta yi, ina faɗa yana amsawa. Noti ɗaya ya suɓuce mini, ya gangara, na ce, "Noti ne ya faɗi, zan ɗauko." Da na ɗaga murfin, wani ƙamshi ya buge ni, mai kauri, irin na ɗakin amarya. Cikin duk ya yi wani baƙin danƙo mai yauƙi. Saje ya matso taku biyu yana shaƙa.

"Mene ne wannan? Wane sinadari ne?"

Ni ma ban sani ba a lokacin. Na ce, "Ban gama ganewa ba, Yallaɓai, amma ƙamshi ne, ba wari ba." Na zare ram ɗin, bakinsa da ya kamata ya yi ruwan zinare ya koma kalar ƙasa. Na goge shi da kilina, na share ramin da burushi, na mayar har ya ce ƙas. Na sa batir, na ce zan kunna, na yi bismilla.

Ba ta yi kuka ba. Allo ya kawo haske, rubutu ya fito. Na ji Hajiya daga nesa tana hamdala. Sai dai kafin ta gama shiga, ta ɗauke ɗif.

Kofur ya ce, "Oga, wasa take mana."

Na ɗaga kai na duba. Rana ta yi ƙasa, cajin batir saura kaɗan, ba wuta a titi. Na ɗora tafin hannuna a gefen da iska ke fita. Zafi rau, amma ba iska ko kaɗan. Nan na tuna maganar Malam Bukar ta satin da ya wuce. Kwamfuta in ta yi zafi, rage gudu take yi don ta kare kanta, shi ne nauyin da yake gani, in zafin ya wuce kima ta kashe kanta.

Na ce, "Yallaɓai, fankarta ce ba ta juyawa. A ba ni dama ɗaya."

Ya dubi hanya, ya dube ni. "Ɗaya."

Na sake cire batir, na buɗe. Danƙon nan ya haɗu da ƙura ya riƙe fukafukan fankar kamar an zuba mata alewa. Burushi ya kasa. Na ce, "Zan cire allura daga mayafina." Da ita na dinga kankarewa, ina ɗiga sifirit, ina hurawa da baki, har fankar ta juya da ɗan yatsa. Ina cikin haka na gane ƙamshin, don kullum ina wucewa ta ƙofar gidan su Hajiya. Na ɗaga murya na ce, "Hajiya, ina yake ajiye ta a gida?"

Ta ce, "A ɗakina mana. Duk Juma'a in zan turara masa kaya, ita ma sai in buɗe ta in ɗora a kan kabbasa. Warin alli da zufar yara take yi, ya za a yi malami ya riƙa yawo da ita haka?"

Kabbasa shi ne kwandon nan da ake kifawa a kan kaskon turare a shanya tufafi. Turaren wuta kuwa da sukari da ƙaro ake haɗa shi. Fanka ta yi ta zuƙar hayaƙin tana kai shi ciki.

Na rufe, na kunna. Fanka ta yi fuu, iska mai ƙamshi ta fito. Amma shiga fa, kamar hawainiya, don Malam Bukar ya cika ta da tarkacen da duk sai sun tashi tare da ita. 'Yar da'irar nan tana ta juyawa a allo. Sai na ga inuwa a kaina. Saje ne ya zo ya tsuguna kusa da ni, ya dafa gwiwa, na ga ashe shi ma a tsorace yake. Muka zuba wa allo ido tare, har ya buɗe. Hoton 'yan ajin Malam Bukar ne a jere, rabinsu sun rufe ido saboda rana.

Saje ya sauke numfashi, ya ce wa kofur ya ɗaga Malam Bukar. Sannan ya juya wajen Hajiya, ya girgiza kai.

"Barebari! Yanzu har kwamfuta kuke yi wa turare? Saura ku yi mata lalle."

Ashe Bafulatani ne, abokin wasansu. Hajiya, da hawaye shaɓe-shaɓe a fuska, ta gyara mayafi ta ce, "Ji bawana! Ai gara mu. Da taku ce, man shanu za a tarar a ciki."

Har kofur sai da ya yi dariya. Ni ban yi ba. Na tattara kayana, na tako har bakin wani shago, na zauna na yi ta kuka. Muna nan motar barikin ta zo, ta ɗan tsaya, ta wuce ba kowa a bayanta.

Washegari Malam Sabi'u ya dawo, ya wanke laftof ɗin sosai, ya rage tarkacen, ta koma gudu. Ya roƙi Hajiya ta bar ta da warin allinta.

Har yau in kwamfuta ta yi kukan ram a shagon nan sai gabana ya faɗi, kun sha gani. Amma na zo aiki washegarin, kuma ina zuwa. Abin da nake so ku riƙe shi ne, kafin ku zargi bod, wato babban allon cikinta, ko ku ce a sayi sabuwa, ku taɓa ku ji zafi, ku shinshina, ku tambayi mai ita inda take kwana, don kowace kwamfuta da ɗakin mai ita take zuwa. Ƙa'idar Malam kuma kada ku raina ta. Mutumin da ke tsaye a kanku, ko mai kaya ne ko mai bindiga, yawanci tsoro ne ke cinsa, ba mugunta ba, kuma ba abin da ke kwantar da shi kamar ya ji abin da hannunku zai yi kafin ya yi. Shi ya sa ko ni kaɗai ce a shago, za ku ji ina cewa, zan cire batir.