Ƙofar Gadirum

Lokacin da maigidana ke aiki a masana'anta a Kudenda, muna zaune a Tirkaniya. Bayan layinmu akwai tsohon barikin soja da aka tashi aka bari. Ciyawa ta cinye shi, 'yan wiwi suka mai da shi gida. Daga baya hukuma ta gyara wurin. Filin fareti ya zama kasuwa, aka ja mana famfo. Gadirum kuwa, inda ake kulle sojan da ya yi laifi, aka shafa masa farar ƙasa, aka ce ajin yaƙi da jahilci ne na mata.

Nan na koyi riƙe fensir, da goyo a bayana.

Akwai wata dattijuwa 'yar Filato mai sayar da kunu, Mama muke ce mata. Idonta ya fara hazo, tana so ta karanta littafin waƙoƙin coci da kanta kafin ya rufe. Amma ta ƙi shiga ajin. Sai ta zauna a gindin taga, tana jin muryarmu, ba ta ganin allo.

"Mama, ki shigo mana," in ji malamarmu. "Ba a koyon baƙi da kunne."

"'Yata, dubi ƙofar nan. Ina mariƙinta na ciki?"

Muka duba. Babu. Ta ƙarfe ce, daga waje kawai ake buɗe ta. Ashe marigayi mijinta soja ne, an taɓa kulle shi a irin wannan ɗakin, har ya rasu bai ƙara yarda a rufe masa ƙofa ba.

Malama ta tokare ƙofar da dutse. Mama ta ce dutse ai ko akuya tana iya ture shi.

Na gaya wa maigidana. Ran Asabar ya zo da abokinsa mai walda, suka cire ƙofar gaba ɗaya. Mai waldan ya ce, "Madam, in awaki sun shigo, ku ba su benci, su ma jahilai ne."

Sun shigo kuwa. Ruwan sama ma ya riƙa feso mu. Ba wadda ta yi ƙorafi, don Mama ta shiga. Kusa da bakin ƙofa ta zauna, ƙafa ɗaya a waje, tana zana baƙaƙe manya-manya har takarda ta huje.

Wata Lahadi a coci ana cikin waƙa ta zungure ni, yatsarta a kan shafi.

"Wannan 'ruwa' ne, ko?"

Na ce shi ne. Ta daina waƙar, ta tsaya tana kallonsa.

Da aka rage ma'aikata a masana'anta, ɗanta da ke aiki a can ya kwashe ta da iyalinsa suka koma Filato. Ina gun awon ciki motar ta tashi, ban yi sallama da ita ba. Har yau in ana waƙa a coci nakan matsa in bar wuri a gefena, sai na tuna in gyara zama.