Zarton da Kawu Ya Zaɓa Mini

Jiya na ɗaura sabon bakin zarto a injin yanka furen ado a katako, na ƙyasta shi da farce, na kara kunne. Sai hawaye. Wannan ɗabi'ar Kawu ce, yayan mahaifiyata, kafintan da ya karɓe ni lokacin da noma ya gagare mu a Faru, na dawo Talata Mafara da iyali, ba sana'a a hannu.

Ran kasuwa ya raka ni sayen zartona na farko. Na ɗauki ƙato mai manyan haƙora, don a ganina shi ne na magidanci. Ya karɓe ya ajiye, ya miƙo wani siriri, bakinsa kamar zare.

"Wanga na naka," ya ce. "Fure za ka hiddawa ga gadon mutane, ba icce za ka hwaskare ba."

Da muka koma wurin aiki ya ɗaure bakin zarton, ya ƙyasta, ya saurara. In ya yi sako-sako yanka zai karkace, in ya cika tauri zai tsinke. Ran nan baki uku na tsinke don gaggawa. Bai yi faɗa ba, sai ya busa garin katakon da ya rufe zanen furen da nake bi, ya ce, "Kak ka tura shi, ɗana. Bar shi shi ci da kainai."

Da injin nan nake ci da gidana yau, amma bai gan shi ba. Allah ya haskaka kabarinsa, ya bi da shi a hankali yadda ya bi da ni.