Tsumagiyar da Na Kai wa Malam

Gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: wawan da ke cikin wannan labari ni ne. Akwai wasu mutane a ciki, amma taya ni kawai suka yi.

Na yi boko har aji huɗu a Gwandu, kuma aji huɗun zamaninmu ba abin wasa ba ne. Da wannan ilimi mutanen ƙauyenmu, can wajen Dalijan, suka naɗa ni shugaban iyayen yara na firamare. Wasu na cewa don ni kaɗai ke yawo da biro a aljihun gaba ne. Hassada ce.

Shekarar da nake magana aka turo mana sabon malami, ɗan Kalgo, siriri, mai magana a hankali kamar wanda ke tsoron tada jariri. Aka ba shi aji uku, ajin jikata. Na yi abin da ya kamaci dattijo mai kishin ilimi. Na je gindin tsamiya na zaɓo tsumagiya miƙaƙƙiya, na fere ta, na shanya ta kwana biyu, na kai masa har aji.

"Malam, ga kayan aiki."

Ya rusuna ya karɓa da hannu biyu. "Na gode, Baba. Allah shi saka da alheri."

Na koma gida ina cewa yaron yana da tarbiyya.

Bayan mako biyu na biya in ga ko ta karye, in kawo wata. Na tarar ya yi mata tsaga-tsaga da wuƙa, taƙi bayan taƙi, yara na auna inuwar darbejiya da ita suna rubutawa. Jikata ce ma ke riƙe da ita, tana dariya. Ni tunda nake ban taɓa ganin ɗalibi ya san tsumagiya ta wajen mariƙinta ba. Mu ɗaya bakin muka sani.

Malaminmu, Allah ya jiƙansa, in ya yi tari a bakin kasuwa mu a aji miƙewa muke yi. A hannunsa na haddace lissafi da waƙa, kuma a dalilinsa na san duk wata hanyar da ke ratsa gonakin dawa daga makaranta zuwa fadama. Ilimi biyu ke nan a kuɗin ɗaya.

Da abin ya tsaya a makaranta da na haƙura. Sai ya biyo ni gida. Ina cin tuwo jikata ta zauna gabana.

"Kaka, mi ya sa ruwan rijiya ka sauka da rani?"

"Ikon Allah."

"Na sani. To ta wace hanya?"

"Ke, wa ya aiko ki?"

"Malam yac ce mu tambayi manya, su sunka daɗe da rijiyar."

Washegari kuma albasa ce: me ya sa take sa hawaye. Shekara arba'in ina noman albasa, ba ta taɓa tambayata ba, ban taɓa tambayarta ba. Wato yaron nan bai tsaya ga ƙin dukan yara ba, har turo su yake su yi mana jarrabawa a gidajenmu, muna tsakiyar cin abinci.

Ƙarshen zango hedimasta ya ce ofishin ilimi na tambaya: a bar mana malamin, ko a mai da shi wajen Kalgo a turo wani? Ya ce abin da iyaye suka yanke shi zai rubuta. Malamin kuwa bai daɗe da ɗauko matarsa da jaririnsu ba, har ya kafa 'yar rumfa a ƙofar ɗakin da aka ba shi. Na ga rumfar. Na ce a raina ilimi ya fi rumfa.

Aka taru bayan la'asar a gindin darbejiyar nan da aka gama aune wa inuwa. Maza a gaba, mata a gefe, malamin a bakin benci yana kallon takalminsa. Na sa babbar riga, na gyara biro, na miƙe.

Na ce aji ba kuka ba aji ba ne. Na ce amfanin makaranta yaro ya san amsa, ba ya ƙaro tambaya ba, don tambaya muna da ita tun kafin boko ya zo. Na ce wanda ke shakka ya gwada ni da lissafi.

Wani mai gyaran babur ya ce, "To, Baba, bakwai sau takwas?"

Na gyara murya na fara daga bakwai sau ɗaya, don haka aka koya mana, kuma waƙa ba a shigarta ta tsakiya. Ina kan bakwai sau biyar wata akuya ta yi kuka, waƙar ta tsinke, na koma farko. Jama'a suka jira ni da ladabi. Malamin bai yi dariya ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Ganin haka na fito da babbar hujjata. Na naɗe hannun riga na nuna tabon da ke damtsena.

"Shekara huɗu ana dukana kullum, ran Juma'a har sau biyu. Ku dube ni da kyau. Ku ga abin da na zama!"

Malamin yana ƙauyenmu har yau, rumfar ma ta zama ɗaki, kuma magana ɗaya ce ta jawo haka. Daga cikin mata ta fito, daga bakin taubashiyata, 'yar kawuna, tsohuwa mai sai da ƙuli-ƙuli wadda ba ta taɓa taka aji ba. Ko ɗaga kai ba ta yi daga tirenta ba.

"Awo, shekara sittin muna dubinka. Hedimasta, rubuta a bar muna wanga yaro."