Hannun Hagun da Na Miƙa wa Baffa

Ni dai ba don kishin ƙasa na shiga sikawut ba, ba kuma don in riƙa tsallakar da tsofaffi titi ba. A Nguru ta farkon shekarun casa'in, tsohuwar da ta ga ɗan sikawut ya nufo ta da sanda, kafin ya iso ta riga ta tsallaka da kanta. Kaki na gani. Riga mai aljihu biyu a ƙirji, ƙyalle a wuya, usur a rataye, ga sandar da ta fi ni tsawo. Ina aji biyu a sakandare, kuma na yi imani duk wanda ya sa kayan nan ya gama zama mutum.

Wanda ya kafa ƙungiyar a makarantarmu malamin labarin ƙasa ne, Babade a ƙabila, mutumin Katuzu ta wajen Gashuwa, ɗan masunta. Siriri ne, ba ya dariya da yawa, kuma ya ɗauki sikawut da muhimmancin da wasu ke ba gadon ubansu. Da yamma ranar Alhamis zai fito cikin gajeren wandon kaki da ya sha guga, ya tsayar da mu a rana yana koya mana ƙullin igiya iri-iri, mu da iyakar ƙullin da muka sani shi ne na mazagi.

Wandon ne ya fara jawo magana. Iyayenmu suka ce gwiwa al'aura ce, ba za su bar 'ya'yansu suna fareti tsirara ba. Littafin ƙa'ida kuma ya ce gajere. Malam ya zauna da wani tela a bakin tasha, suka fito da wani abu da ba gajere ba ba dogo ba, ya rufe gwiwa ya tsaya a tsakiyar ƙwauri yana jiran umarni. Wandon sulhu muke ce masa. Addini bai yi fushi ba, littafi ma bai yi ba, mu ne dai muka koma kamar masu shirin shiga fadama.

Da aka zo raba mu rukuni-rukuni, kowa ya ce shi Zaki. Malam ya tambaya wa ya taɓa ganin zaki tsakanin Nguru da Gashuwa. Ba a samu ko ɗaya ba. Ya ce to abin da muke gani shi za mu ci sunansa: Zalɓe, Kada, Shamuwa, da Gaiwa. 'Yan rukunin Gaiwa sun yi mako guda ba sa gaishe shi da kyau. Ni aka ba shugabancin Zalɓe, aka ɗinka mini farin zare biyu a aljihu, daga ranar kuwa ko ƙannena sai da usur nake kiransu.

Sai kuma maganar musafaha. Malam ya ce 'yan sikawut a ko'ina da hannun hagu suke gaisawa, wai shi ya fi kusa da zuciya. Muka yi ta ƙyalƙyala dariya, don mu abin da muka san ana yi da hagu ba a kusa da zuciya yake ba. Ya bari muka gama, sannan ya kafa mana sharaɗi, ya maimaita sau uku har da ɗaga yatsa.

"Tsakaninku kawai. Cikin kaki kawai. A filin makaranta kawai. Wanda ya miƙa wa babba hagu, ba ni na aike shi ba."

Ina tsaye a sahun gaba lokacin da ya faɗa. Na ji da kunnuwana biyu, kuma ina so a riƙe wannan.

Mahaifina ɗan kasuwar fatu da ƙiraga ne, kakanmu ya zo daga Kano a jirgin ƙasa ya zauna. Bai taɓa yarda da boko har zuciya ba. A ganinsa yaron da ya iya bambanta fatar akuya da ta tunkiya ido rufe ya fi mai zana taswira amfani, kuma ya sha gaya mini cewa ranar da boko ta fara koya mini rashin kunya, ranar zan dawo rumfa in zauna.

Wata ranar kasuwa muka tashi daga fareti, na ja 'yan rukunina bakwai muka bi ta rumfarmu, ba don komai ba sai don a gan ni. Na tarar da Baffa, yayan mahaifina, ya zo daga Kano, dattijai sun kewaye shi a kan tabarma. Abin da ya kamata shi ne in cire takalmi in durƙusa daga nesa. Amma ga zare biyu a aljihuna, ga yara bakwai a bayana suna kallo. Na buga ƙafa, na ƙame, na miƙa wa Baffa hannun hagu ina tsaye a kansa.

Baffa ya dubi hannun, ya dubi mahaifina, bai dube ni ba. Ya ce da shi a hankali, ashe haka ake tarbiyya a nan. Yaran nan bakwai kuwa, jaruman Zalɓe, ko ƙurarsu ban gani ba.

A zaure mahaifina ya tsare ni da tambaya ɗaya: wa ya koya mini. Na san amsar gaskiya tana nufin ƙamshin jima har ƙarshen rayuwata. Sai na ce Malam ne, kuma ya ce dole ne, duk wanda muka haɗu da shi muna cikin kaki, ko liman ne, hagu za mu ba shi. Ban san inda na samo limamin ba. Shi kuwa ya fi komai aiki.

Washegari mahaifina da abokansa huɗu suka cika ofishin shugaban makaranta, aka kira Malam, aka kira ni. Aka tambaye shi ko shi ya koya mana gaisuwa da hagu, ya ce shi ne. Aka tambaye shi ko ya ce mu yi wa manya. Ya juyo ya dube ni. Ni kuma na gano cewa akwai abin sha'awa ƙwarai a yatsun ƙafata. Yaro talatin ne suka ji sharaɗinsa, da ya ce a kira ko ɗaya da magana ta ƙare. Ya kuma san abin da ke jirana a rumfa, don ni na taɓa gaya masa.

"Ni na koya musu, Alhaji," ya ce da mahaifina. "Laifin nawa ne. A bar yaro ya yi karatunsa."

Kafin ƙarshen zango an rushe ƙungiya, shi kuma an mayar da shi can wajen Kumagannam, inda yashi ke cinye hanya. A gari sunansa ya zama malamin da ke koya wa yara raina iyaye. Ƙyallen wuyana ya koma hannun Inna tana tace gasara da shi, sandata ta zama madogarar igiyar shanya. Na yi karatuna lafiya lau, kamar yadda aka roƙa mini.

Shekara goma sha wani abu suka wuce. Ina aikin ofis a Nguru, na yi aure, na fara tumbi, sai aka buɗe kafe na intanet na farko a unguwarmu, kwamfuta biyar da janareto mai tari. Wani cikin tsofaffin 'yan ajinmu ya haɗa mana dandali ta imel, na tsofaffin 'yan sikawut na Nguru da Gashuwa, da niyyar farfaɗo da ƙungiya. Ni aka naɗa mai kula da dandali, tunda an san ni da riƙon amana.

Na tsara dokoki. Ba a sa sunan gaskiya, kowa ya yi amfani da sunan rukuninsa, don a faɗi ra'ayi ba kunya. Ba zagi. Gaisuwa kada ta wuce layi ɗaya, saboda lokaci a kafe ba ya jiran kowa, kuma nan ba zaure ba ne. Wanda ya karya doka sau uku an sallame shi.

Farfaɗowar ba ta taɓa wuce allon kwamfuta ba. Mun yi wata biyu muna muhawara a kan wando, dogo ko gajere. Mun yi wata guda a kan hula, malafa ko zanna. An yi rikici kan ko rukuni ya zama mutum shida ko takwas, alhali ba mu da yaro ko ɗaya. Manyan mutane, waɗanda in ka ba su igiya ba za su iya ɗaure akuya ba, suna rubuta shafi uku kan makomar matasa. Ni ne gwaninsu, na kuma ji daɗin abin ƙwarai.

Ana cikin haka wani ya shigo daga Gashuwa da sunan Gaiwa. Saƙonsa duk gaisuwa ne. Ina Zalɓe, yaya Alhaji, yaya rumfa, yaya jikin Inna. Ina Kada, yaya mahaifinka da ƙafarsa. Ina Shamuwa, an ce kun yi rashi, Allah ya jiƙan rai. Sai ya bi mu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya rufe da addu'a, babu ra'ayi kan wando, babu kan hula. Mai hankali zai tsaya ya tambayi kansa wane ne ya san iyayenmu duka haka. Ni na aika masa gargaɗi na farko, sannan na biyu, har na ƙara masa da cewa in gaisuwa yake so ya tafi gidan suna.

Sai wani ya tayar da zancen musafaha da hagu, ko za a dawo da ita. Nan aka tono tsohon labari, aka ce ai abin da ya kashe ƙungiya ke nan, wani malami ya sa yara suna miƙa wa dattijai hagu a kasuwa. Ga dama ta samu, layi biyu sun isa in wanke shi, a bayan sunan tsuntsu ma, ba mai ganin fuskata. Maimakon haka na rubuta sharhi mafi kaifi da na taɓa yi, kan mutanen da ke kwaso al'adar wasu su juye wa 'ya'yan mutane ba tare da sun auna ba. Aka yi ta yaba mini.

Bayan kwana biyu Gaiwa ya amsa. Gaisuwar nan tasa tsaf, mutum bayan mutum, sannan a ƙasa jimla ɗaya: malamin ya yi gaggawa, da ya bari sai yaran sun ƙara hankali. Doka doka ce. Na sallame shi, na sanar wa jama'a.

Tsohon shugaban Kada, wanda ke tuƙa a-kori-kura tsakanin Nguru da Gashuwa, shi ya tare ni a bakin masallaci. Ya tambaye ni ko na san wanda na kora. Ya ce Malam ne, ya yi ritaya, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ɗan acaɓa ke kai shi kafe, ya zauna yana danna harafi ɗaya-ɗaya da yatsan hagu, gaisuwar nan da ta dame ni takan ci masa rabin yini. Kada yana cikin yara talatin ɗin da suka ji sharaɗi. Bai ɗaga murya ba, ya dai ce, sau biyu ke nan ka kore shi.

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Da sassafe na shiga gaban motarsa. Hanyar Gashuwa a lokacin rami ne da ɗan kwalta a tsakani, kuma duk tsawonta ina shirya jawabi.

Na same shi a ƙofar gida ƙarƙashin darbejiya, da wasu dattijai biyu, yana gyaran raga. Ya maƙale zaren da babban yatsan ƙafa yana ƙulli da hannu ɗaya. Na cire takalmi daga nesa, na durƙusa, abin da ya kamata in yi a rumfa tun can. Ya gane ni nan take, ya fara: yaya Alhaji, yaya rumfa, yaya jikin Inna. Wannan karon na bari ya kai ƙarshe.

Jawabina ya watse. Na ce, Allah gafarta Malam, ƙarya na yi, ka ce kada mu miƙa wa babba, ni na ƙirƙiri sauran.

"Ai ina wurin lokacin da na faɗa," ya ce. "Ba ni za ka gaya wa ba, ɗan Alhaji. Baffanka ya rasu yana zaton ni ne. Alhaji yana da rai."

Na ce zan gaya masa a ranar, zan kuma rubuta a dandali da sunana na gaskiya. Ya ce doka ta ɗaya ta hana. Ban san ko zolaya yake ba, don fuskarsa ba ta nuna ba. Na dai yi duka biyun daga baya. Da na gama gaya wa mahaifina, sai ya tambaye ni wace rana motar Kada ke zuwa Gashuwa.

Da na tashi tafiya na ga yana ƙoƙarin ɗago hannun dama da taimakon na hagu don mu gaisa, kamar yadda yake yi wa kowa. Sai wata dabara ta zo mini, irin dabarata. Na yi sauri na miƙa masa hagu, ina ganin ga gaisuwar da ta fi kusa da zuciya, ga sauƙi gare shi, ga labari mai daɗin bayarwa. Ya dubi hannun kamar yadda Baffa ya dube shi.

"Ba ka cikin kaki," ya ce. "Nan ba filin makaranta ba ne. Kuma ni babba ne."

Na janye. Ya tallabo hannun daman a hankali ya ɗora a nawa. Yana da nauyi, yana da sanyi, bai iya riƙe ni ba, sai ni na riƙe shi da hannu biyu.