Ƙeyar Uwarta Kawai Ta Sani

A Randagi na girma, a hannun kakata Iya Dije. In an kwashe amfanin gona, bayan sallar magariba takan hura wuta a tsakar gida, ta zube mana gyaɗa a tabarma mu yi ta ɓara. Sai hannunmu na aiki bakinta ke buɗewa. Tana kuma da wata ɗabi'a mai ban haushi: labari na kaiwa tsakiya sai ta yi shiru, ta nuna ɗayanmu da itacen iza wuta ta ce, "To, ke ce a wurin. Ya za ki yi?" Ko amsar banza ka bayar ba ta gyara maka, sai ta ci gaba da iza wutarta.

Tatsuniyar da ta fi zama a kaina ita ce ta mata biyu masu tsintar kaɗanya a dajin nan namu, kowacce da 'yarta. Ta farko gwanar bayani ce. Kullum tana gaba tana faɗa: ga kuka, ga rafi, nan ake karyawa hagu. 'Yar na biye tana gyaɗa kai. Ta biyu kuwa, a tafiya ita ce gaba, amma a dawowa sai ta tura 'yarta gaba ta ja bakinta. Ko yarinyar ta saki hanya ba ta tankawa, sai sun ci karo da sarƙaƙiya ta juyo da kanta. Wata shekara ciwon ƙafa ya kwantar da iyayen, 'ya'yan suka shiga daji su kaɗai, hadari ya rufe rana. 'Yar ta biyu ce ta kawo su gida.

Na tambayi Iya ya aka yi 'yar ta farkon ta kasa gane hanya alhali an faɗa mata komai. Ta ce, "Ita waccan ai ƙeyar uwarta kawai ta sani."

Yanzu aikina tsara darussa ta waya ga malaman firamare na ƙauyukanmu, waɗanda zuwa Kaduna kwas ke yi musu wuya. Na karanta ra'ayoyin masana kan yadda mutum ke koyo, na kuma ci jarrabawa a kansu. Da na fara sai na naɗi dogayen bidiyo, ban bar komai ba sai da na bayyana. Malaman suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, har shugabarmu ta ce in zangon nan ya ƙare a haka za a rufe shirin. Na ji tsoro, don ni na kawo shawarar tun farko.

Malama Talatu ta Gayam ce ta faɗa mini gaskiya. Ta ce kan dutse take hawa neman sabis ɗin waya, ta saurare ni tana gyaɗa kai, kafin ta sauko komai ya zube.

Na datse darussan zuwa gajerun saƙonnin murya. Kowanne yana tsayawa a tsakiya da tambaya, na gaba ba ya zuwa sai malami ya gwada a ajinsa ya turo abin da ya gani. Amsar Talatu ta farko kan koyar da lissafin kasafi kuskure ce ƙarara. Yatsana na kan madannin naɗar murya, gyaran na bakina, na ajiye wayar. Kwana biyu raina bai kwanta ba. A na uku ta turo cewa yaran sun rikice, ta gano inda ta kauce, ta sake da ƙwallayen kaɗanya, sun gane.

Ba a rufe shirin ba. Da ina yarinya na ɗauka shirun Iya rowar labari ce. Sai da na ajiye wayar nan na san nauyin tafiya a bayan mutum, kana ganin ya nufi sarƙaƙiya, ka bar shi ya isa.